Gurbin Hannun Sylvanus

Shekara bakwai Malam Zabeirou ya yi a Greensboro yana cire taya yana sa taya, kuma a cikin shekarun nan babu mahalukin da ya taɓa tambayarsa ko ya iya wani abu bayan wannan. Shagon tsofaffin tayoyi ne a kan High Point Road, tsakanin wani kantin kayan miya na 'yan Afirka da filin sayar da motoci. Mai shagon "Zabi" yake ce masa, wai cikakken sunan ya yi masa tsawo. Mutumin da ake yanke wa suna haka kuwa, shekara ashirin da shida ya yi yana shugabancin garejin ƙungiyar manoman rani a Birnin Ƙonni. Tarakta goma sha ɗaya ke hannunsa a can, kowacce ta girmi direbanta, kuma ba a taɓa shiga aikin huɗa da ɗaya a kwance ba. In kayan gyara ya gagara samuwa sai ya ƙera da kansa. Har daga tsallaken iyaka manoma suke zuwa da injin ban-ruwa a kan amalanke, su zauna a inuwa suna jiran Shef. Yau ga Shef ɗin durƙushe a gindin motar yarinyar da ba ta kai 'yarsa ba, tana waya tana yi masa alama da hannu ya yi sauri.

Abin yana cinsa, kuma ba ya ɓoyewa, musamman a gida. Matarsa Tchima ta ji labarin taraktocin Ƙonni har ta haddace wacce ce mai tari da safe, wacce ce mai shan mai. Abu ɗaya ya taho da shi daga wancan zamanin, wata baƙar sifana da ya gada wurin maigidan da ya koya masa aiki. Shekara da shekaru babban yatsa yana danna wuri guda a jikinta, na maigidan sannan nasa, har wurin ya ɗan lotsa yana sheƙi. Wata rana Tchima ta ga ta yi dauɗa ta ɗauko soson ƙarfe za ta dirje ta, ya yi mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. Tun daga ranar a cikin tsumma take kwana, a aljihunsa.

Tchima aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. A farkon shekarar 2006 aka tura ta McLeansville, gabas da gari, inda gidaje ke warwatse cikin gonaki, wurin wata tsohuwa baƙar fata mai suna Odessa. Mijinta Sylvanus manomin taba ne, ya rasu shekara biyar da suka wuce. Ya bar mata gida da fili, da wata tarakta ƙirar 1952 a rumfar bayan gida, wadda tun yana ciwon ajali ba a sake tayar da ita ba.

Kowane watan Oktoba akan yi taron tsofaffin injuna a wani fili can gaba da garin, kuma Sylvanus bai taɓa fashin zuwa da taraktarsa ba. Madam Odessa so take ta sake ganinta a filin nan sau ɗaya kafin ita ma ta bi shi. Ta nemi Malachy, tsohon abokin mijinta mai garejin farfaɗo da irin waɗannan injuna, ya zo ya duba ya ce inji ya daskare, ga layin masu jira gabanta, ga hannunsa ya fara rawa ba shi da mataimaki na ƙwarai. Sai dai ta jira shekara biyu, in ji shi. Ta ce masa ba ta jin tana da shekara biyu a ajiye.

Nan Tchima ta ce, "Madam, mijina fa bakanike ne."

Ranar Lahadi Zabeirou ya sa rigarsa mai kyau suka tafi. Tsohuwar ta rako su rumfar tana dogara sanda. Taraktar tana tsaye cikin ƙura da kashin tsuntsaye, tayoyi sun sace, jan fentinta ya koɗe ya koma kalar ƙasa. Yana ganinta ya gane ta, don irinta ce sak da ta farko da ya fara kwancewa yana saurayi. Madam Odessa ta ajiye sandarta ta ɗora tafin hannu a kan madigadin hagu, murfin ƙarfen nan da ke saman babbar taya, ta bar shi a wurin har suka gama magana. Ya ɗauka jingina take don gajiya.

"Ka tayar mini da ita kawai," in ji ta, Tchima tana cike masa inda Turancinsa ya gaza. "In ji muryarta. In ta shiga filin taro da ƙafarta, ni da kaina zan kai ka gaban Malachy. Mutum yake nema ido rufe."

A mota, hanyar komawa, lissafin aikin ya yi ta yi har suka shigo gari. Sannan ya ce, "Tchima, in Allah ya yarda na gama da taya."

Daga Afrilu zuwa Satumba duk Lahadin duniya yana rumfar nan. Fistin huɗu sun manne da tsatsa. Bai yi musu ƙarfi ba, ya zuba musu kananzir gauraye da baƙin mai ya bar su suna sha har mako uku, kullum ya zo ya ɗora guntun katako ya ɗan bubbuga, ya tafi. A mako na huɗu suka saki. Ya kwance kafireta ya baza ta kan farin ƙyalle, ya wanke ta hanya-hanya da siririyar waya. Gasket ɗin da ya nema ya rasa, ya zana ya yanka da almakashin Tchima, wadda har yau ba ta yafe masa almakashin ba. A shagon taya suka ga Zabi ya fara waƙa ƙasa-ƙasa, suka ɗauka caca ya ci.

Tun makon farko ya lura da madigadin hagun nan. A wurin da tsohuwar ta ɗora hannu, fenti ya cinye ƙarƙaf, ƙarfe ya fito fili yana sheƙi, faɗin tafin hannu da sawun yatsu huɗu sun zagayo baki. Ba sai an gaya wa Zabeirou ko mene ne ba. Mai huɗa yakan juya baya yana duban garma, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ya dafe a nan. Ya ɗora nasa hannun, ya ga na marigayin ya fi nasa girma. Tausayi ya kama shi. Bawan Allah ya yi wa injin nan bauta, injin ya yi masa, har hannunsa ya ci ƙarfe, amma a ce ba a samu wanda zai saya mata gwangwanin fenti ɗaya ba? A Ƙonni ko mai amalanken jaki, in ya samu sarari, yakan shafa wa amalankensa shuɗi.

Lahadi ta biyu ga Satumba, wajen la'asar, ya murɗa. Ta yi tari sau biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama. Ya dafa sukundireba a jikin injin ya kara ƙotar a kunne, ya ɗan juya wata ƙusa, ya sake juyawa, har muryar ta daidaita ta zauna. Daga barandar gida Madam Odessa ta miƙe tsaye ba sanda. Tchima ta ce kuka ta yi ta yi tana kiran sunan mijinta, tana cewa haka take jin sa yana dawowa daga gona da yamma.

Da a nan ya tsaya, da labarin nan ba shi da ɗaci. To amma a wurin Zabeirou aikin da aka tsaya daidai inda mai shi ya ce, aikin ɗan koyo ne. Haka ya taso ya gani. Mai awo in ta cika maka kwano sai ta ƙara maka da hannu, mai nama ya jefa maka 'yar tsoka bayan ya gama yanka. Shi ma a garejinsa inji bai taɓa fita ba tare da ƙari ba: ka kawo gyaran birki, ka tarar an ɗaure maka salansa, an wanke, an shafe inda ya yi tsatsa. Ba a faɗa, ba a caji, ka gani da idonka ka san wurin wa ka zo. Kuma a ce za a kai tarakta taron jama'a, gaban ɗaruruwan mutane, da wannan koɗaɗɗen jiki? Wa ke zuwa idi da kayan gona?

Sai aka yi dace, ko rashin dace, aka yi wa tsohuwar aikin ido, 'yarta ta ɗauke ta zuwa gidanta a Sedgefield har ranar taro. Rumfa ta zama tasa shi kaɗai mako uku.

Da Tchima ta ga gwangwanayen fenti a bayan mota ta ce, "Malam, ka tambaye ta kuwa?"

"In tambaye ta mi?"

"Fentin nan. Mutanen nan fa ba kamar mu ba ne, komi sai sun ce okay."

"Ke dai ba ki san aiki ba. Ana tambayar mutum kahin a yi mishi alheri? In na tambaya ai ya zama commande, aikin da aka sa ni. So nike ta gani ta rasa bakin magana."

Tchima ta rufe bayan motar. Ba ta yarda ba, amma shekara bakwai rabon da ta ga mijinta yana tafiya kai a sama, ba ta so ta zama ita ce mai sauke shi.

Ya yi aikin da zuciya ɗaya, abin da ya fi baƙanta rai ke nan. Ya ɗauki hutun kwana huɗu daga shagon taya. Ya bi jikinta kaf da sanfefa, mai kaushi sannan mai laushi. Madigadin hagu ya fi ba shi wahala, don wurin hannun ya ɗan lotsa, sai da ya sa injin gurza ya cinye gefe-gefen, ya cike, ya goge, ya sake cikewa, har ya shafa da ido rufe bai ji komai ba. Ya fesa ja sau uku. Da ta bushe ya ja da baya ya tsaya, ya ga fuskarsa a jikin ƙarfen, ya yi wa Sylvanus addu'ar da ya ga ta dace, yana jin ya fitar da mamaci kunya.

Ranar taro Abdul-Rauf, wani ɗan zangon Kumasi mai motar janwe da suke sallar Juma'a tare, ya ɗauko musu taraktar. "Chale, Malam, wannan ai amarya ce," in ji shi. Zabeirou ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Farar shadda ya sa, da hula, sifanarsa a aljihu.

Tun daga nesa suka hango hayaƙi. Wani tsohon jirgin ƙasa mai cin kwal yana zagaya filin a kan gajeren dogo, yana busa, an cika taragunsa da yara da kakanninsu. Ga manyan injunan tururi masu tayar ƙarfe suna huci, wani yana jan zarto yana tsaga gungume, wani yana sussukar alkama da babu mai bukatarta. Ga tsofaffin motoci jere, an buɗe musu baki ana leƙawa. Taraktoci kuwa sun fi ɗari biyu. Zabeirou ya tsaya yana ƙirga su da ido. Da goma sha ɗaya ya ciyar da gari guda. Nan ga ɗari biyu, lafiyarsu ƙalau, an tara su don a ɗauki hoto a ci masara da man shanu a watse.

Ya ga layin farko duk masu sabon fenti ne suna walƙiya, hankalinsa ya kwanta, ya ce wa Abdul-Rauf ya nufi can. Matar da ke bakin ƙofa ta duba takardarta, ta dubi taraktar, ta sake duba takarda. Ta nuna musu wani layi dabam, can gefen itatuwa, inda aka jera waɗansu koɗaɗɗu masu tsatsa, irin waɗanda a Ƙonni sai dai a cire musu kaya. Ransa ya ɓaci. Ya ce wa Tchima ta gaya mata ta yi kuskure. Matar ta ce ba kuskure, mai taraktar ce da kanta ta zaɓi layin tun watan jiya, ga ma gurbinta can an kafa allo.

Ya sauko da ita, ya tuƙa ta har gurbin. Mutane suna juyowa suna kallo, shi kuma yana ɗauka sha'awa ce. A tsakiyar tsofaffin nan ta fito jajir, kamar wadda ta ɓata hanya. Ya kashe inji ya sauko, ya ga Tchima tsaye gaban allon, hannu a baki.

"Mi aka rubuta?"

Ta sake bin rubutun da ido.

"Tchima, karanta mini."

Ta karanta a hankali tana mayarwa da Hausa. Wannan layi na injunan da aka bari yadda masu su suka bar su ne. Taraktar Sylvanus, manomin taba. Ku dubi madigadin hagu, za ku ga gurbin hannunsa na shekara arba'in da ɗaya. An yarda ku taɓa.

Zabeirou ya ɗauke ido daga allon. Ya juya ya dubi layin da kyau a karo na farko. Kowace tarakta da allonta, kuma abin da shi yake gani aibi, shi mutane suke sunkuyawa suna nuna wa 'ya'yansu: kujerar da aka ɗaure da wayar shinge, lotsawar da wani bijimi ya yi, sunan da aka karce da ƙusa.

Bai gama haɗiye wannan ba ya hango su tafe. 'Yar tana tura Madam Odessa a keken marasa lafiya, ta sha hular zuwa coci da baƙin tabarau na masu aikin ido. Gefenta wani dogon tsoho fari mai rigar aiki, wanda ba sai an ce masa Malachy ne ba. Suka zo suka wuce jar taraktar. Sai da suka kai ƙarshen layi suka dawo suna karanta alluna, sannan keken ya tsaya.

Tsohuwar ta cire tabarau. Ta daɗe tana kallo. Ta ce a matsar da ita, aka matsar. Ta yunƙura ta miƙe, ta kai hannu kan madigadin hagu, daidai wurin, ba ta ko lalube ba. Hannun ya zame a kan santsin fenti. Ta mayar, ta shafa gaba, ta shafa baya, ta bi bakin ƙarfen da yatsu.

"Ina hannunsa?" ta ce.

Wannan bai bukaci tafinta ba. Zabeirou ya matso, Turancin da Hausar da Faransancin duk suka cakuɗe masa. Ya ce kyauta ce, cadeau, bai so a raina ta a gaban mutane ba. Ya ce zai kankare fentin, gobe-goben nan zai fara.

Malachy ya sunkuya ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa, ya saurara. "Ka gurje, ka cike," in ji shi. Ba tambaya yake ba. "Babu abin da ya rage a ƙarƙashi."

"Babu," in ji Zabeirou.

Madam Odessa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta koma ta zauna, ta mayar da tabarau. Ta ce kullum da safe, shekara biyar, takan je rumfar ta sa hannunta a cikin nasa, shi ya rage mata da bai shiga ƙasa ba. Ta dubi Tchima ta ce ta san ba da mugunta ya yi ba. Sannan ta ce wa 'yarta ta cire allon, ta kai ta mota.

Suka rage su uku. Malachy ya ce, "Tayar da ita in ji."

Zabeirou ya murɗa, bugu ɗaya ta kama. Tsohon ya rufe ido ya karkata kai, ya saurara har minti guda ya wuce. Ya zagaya ya leƙa gasket ɗin da aka yanka da almakashi, ya girgiza kai. Ya ce shekara hamsin yana wannan aiki, bai fi mutum biyu ya sani da za su iya fitar da wannan murya daga injin da ya gani a rumfar nan ba. Zuciyar Zabeirou ta ɗaga, don wauta irin ta ɗan Adam, har ya fara gyara tsayuwa.

"Amma ba zan iya ɗaukarka ba," in ji Malachy. "Mutanen da ke zuwa wurina iyayensu suke kawo mini. Ba zan bar su da wanda ba ya tambaya ba. Kuma kafin yamma duk filin nan ya ji."

Aka fara kira a lasifika, masu zagayen fili su shirya. Injuna suka dinga tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu da ƙyar, wasu sai da aka tura. Wadda ta fi su duka lafiya tana tsaye ba allo, ba mai hawa. Zabeirou ya ga wata ƙusa a jikin kujera da yake so ya ƙara ɗaurewa kafin a ɗora ta a mota, ko kuma dai hannunsa ne ke neman abin yi. Ya zaro sifanar ya warware tsumman.

Idon Malachy ya faɗa kanta. "Ba ni in gani." Ya karɓa da hannunsa mai rawa, ya juya ta a rana, ya sa babban yatsansa a cikin lotsawar nan mai sheƙi. Fuskarsa ta saki, ya yi murmushin da bai yi wa mai ita ba. "Mutum nawa?"

"Biyu. Maigidana, da ni."

"Ka gani? Kada ka yarda kowa ya goge maka ita." Ya nuna wata rumfa da aka baza tsofaffin kayan aiki a kan teburi. "In ka ba ni aronta zuwa yamma, zan sa ta can. Mutane za su so su taɓa."

Zabeirou ya ji idon Tchima a kansa, bai yarda ya dube ta ba. Ya miƙa hannu ya karɓi abarsa. Yatsansa ya faɗa gurbin da kansa, kamar kullum, wurin yana ɗauke da ɗumin hannun wani. Ya naɗe ta a tsumma ya mayar aljihu, ƙusar ma bai ɗaure ba.

"Kira Abdul-Rauf," ya ce wa Tchima. "Mu maida musu kayansu. Litinin da bakwai nike buɗe shago."